Sawun da Mato Ya Kifa wa Tasa

Saura ƙiris in bar wannan labari ya mutu a cikina, domin mutanen da ke cikinsa 'yan gidanmu ne, kuma yawancinsu suna raye. Wadda abin ya fi shafa ce ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in gyara ta. Sunana Gambo, ni aka haifa bayan tagwaye. Zan kira mahaifina da mahaifiyata da sunayensu kamar baƙi, in bi bayan Baba Mato mai bin sawu, don daga bakinsa na ji abin da ban gani da idona ba.

Ranar Juma'a ce, lokacin tsinkar auduga, shekarar da ta biyo bayan gama madatsar ruwan Rusairis. Maza na dawowa daga masallaci a Hillat Maliki, ƙauyenmu da ke kusa da garin Hajj Abdalla, sai aka ji Daktor Mahmud yana ƙwala wa Salihu kira daga zariba, wato garken da ke bayan gidan Salihu. Ba a taɓa jin mutumin nan ya ɗaga murya ba, saboda haka rabin hilla, wato ƙauyen, suka bi kiran.

Daktor Mahmud malamin jami'a ne daga Khartum. Abin da ya kawo shi ƙauye kuwa, kowa ya ji shi har ya haddace. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mutum da ta dabba, in ji shi, akwai wani ɗan nama da bai fi ƙwayar gujiya ba. Shi ne ke zuba wani ruwa cikin jini, ruwan ya umarci ƙashi ya miƙe. A can Khartum suna cire naman daga kawunan shanu, su tace shi, su zuba a ƙananan kwalabe. Yana so ya ga abin da ruwan zai yi wa ɗan rago, don haka ya nemi tunkiyar da ta haifi tagwaye maza, ya same ta a garken Salihu. Ɗaya a yi masa allura kowace safiya, ɗayan a bar shi haka, abinci iri ɗaya, ruwan sha iri ɗaya, a ga bambanci.

Mairama matar Salihu, wadda ita ma tagwaye ta fara haifa, ta yi magana tun ranar farko.

"Ba a raba tagwaye, ko na dabba ne. Abin da ka ba wanga, ka ba wancan."

Salihu ya yi dariya ya ce wannan ilimi ne, ba sha'anin mata ba. Aka ci gaba.

Bambanci kuwa an gan shi. Kafin damina ta wuce, mai shan allura ya ɗara ɗan'uwansa tsawo da faɗin ƙirji, har mutanen wasu ƙauyuka suna zuwa kallonsa. Aka sa masa suna Ragon Daktor. Ɗan'uwan nasa ba wanda ya damu ya sa masa suna. Salihu ya zama mutumin da ake nunawa da baki a kasuwa, 'yarsa Hasana kuma ta zama mai riƙe rago da dafa allura, tana ɗaura farin ƙyalle a gaba kamar ma'aikaciyar asibiti. Duk wanda ya zo ya ce masha Allah, ya koma gida da hassada a ransa.

Yanzu ga ƙofar ɗan ɗakin da ke cikin zariba a buɗe. Tulun da ake sanyaya kwalaben a ciki ya zama wayam, allurar ma babu.

Baba Mato ya iso a ƙarshe, don ba ya gudu. Tsoho ne siriri, ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun da aka sace tsakanin Makwar da Rufa'a. Da ya ga yadda jama'a suka cika garken, sai ya dafe kai.

"Ku tsaya inda kuke! Kowa shi daskare. Kun tattake mini ƙasa kamar awaki."

Ya zaga a hankali, ya duƙa, ya tashi. A bakin ƙofar ɗakin, gefen da rana ba ta kai ba, ya sami sawun takalmi guda biyu da suka tsira, ɗaya gaba da ɗaya. Ya aika aka kawo masa babbar tasar wanki, ya kifa a kansu, ya aza dutse.

Shaihu Maliki, mai garin, ya ja shi gefe.

"Ya Mato, kayan hukuma ne. Daktor ya zama dole shi kai rahoto. Lorin bolis, 'yan sanda, na tahowa ran Lahadi da hantsi, kuma ba za shi koma ba kowa ba. In ba ka ba ni ɓarawo ba, su za su zaɓa da kansu."

*

Sunan da ya fara fita daga bakin mutane shi ne na Sa'idu, maƙwabcin Salihu, wanda hawasharsa, wato gonar audugar da hukumar noma ta ba shi, ke jikin ta Salihu. Tunkiyar Sa'idu ma ta haifi tagwaye a wancan lokaci, amma mace da namiji, Daktor ya ce ba su dace ba. Tun daga ranar Sa'idu bai sake taka zaribar ba.

Mato ya same shi a rumfar ƙofar gidansa yana shan shayi.

"Na san mi ya kawo ka," in ji Sa'idu. "Zauna, ya zol, bawan Allah. Ko ɓarawo ana shan shayinsa."

"An ce ka ce ragon ba zai ga Sallah ba."

"Na ce, kuma in na samu hali in sake cewa. Mi Salihu ya fi ni? Tare munka zo ƙasag ga, tare munka yi ƙwadago, ruwa ɗaya muke jira a bakin tur'a mai shayar da gonakinmu. Shi tunkiyarsa ta yi masa maza biyu ya zama babban mutum, ni tawa ta kuskure da ɗaya na zama maƙwabcin babban mutum. Wallahi in na ji kukan ragon nan da safe, shayina ɗaci yake yi."

"To ka ɗauka?"

"In ɗauka in yi mi da shi? Ni da ban iya ko zura zare a allura ba?"

Mato ya kurɓi shayi. Idonsa na kan ƙafar Sa'idu, ƙafa ce mai faɗi kamar faranti cikin tsohon markub, takalmin fata na maza. Sawun da ke ƙarƙashin tasa na takalmin roba ne na mata, mai zanen ƙashin kifi a tafinsa. Ya shanye shayinsa ya tashi.

"Je ka wurin Ali mahauci," Sa'idu ya ce da bayansa. "Da safen nan na ji shi yana rigima da Daktor."

Ali bai musa ba. Yana wanke wuƙaƙensa ya ce lalle ya je, ya roƙi kwalba ɗaya tak don ragunan da yake kiwatawa na Layya, Daktor ya hana shi.

"Ni da nike fasa masa kawunan shanu yana tonon gujiyarsa! Kai ɗin da anka fasa, wa ke sayensa da daraja? Amma in roƙi ɗigo, sai ya ce mini bahas ne, bincike ne. To Allah shi ba bahas lafiya."

"Da azahar kana ina?"

"Sahu na biyu, bayan liman. Kai kanka ka taka mini ƙafa."

Haka ne kuwa, Mato ya tuna. Ya juya zai tafi, sai ga Dije matar Ali ta leƙo ta kan zana. Ashe labarin zanen takalmin ya riga ya zaga gidaje.

"Baba Mato, mi kake wahal da kanka? Ƙashin kifi ai mutum ɗaya ke yawo da shi a hillag ga. Ubanta ya sawo mata a Rufa'a da ƙaramar Sallah, ta hana mu sakat da ƙwas-ƙwas. 'Yar asibiti! Dama mun ce wagga rawar kai za ta kai ta wani wuri."

Ta faɗi haka fuskarta na sheƙi, kamar wadda aka yi wa albishir.

*

Da safiyar Asabar Mato ya yi sallama gidan Salihu. Kafin lokacin mata sun gama yanke hukunci a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da suke wanki: Hasana ta sayar wa wani ɗan kasuwa, Hasana za ta gudu Wad Madani, Hasana dama ba ta gaida mutane.

Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Huseina, 'yar'uwar tagwaicin Hasana, ta kawo masa ruwa. Shekarunsu ɗaya, sun haura ashirin, amma Huseina tsawonta bai wuce na yarinya 'yar shekara goma ba. Tun suna ƙanana ta tsaya, Hasana ta wuce. Ba ta zuwa gona, ba ta zuwa biki, baƙi kan ɗauka ƙanwar gidan ce su aike ta sayen ashana. Ta aje kwanon ba ta ɗago kai ba, ƙafarta ba takalmi, zanenta an naɗe shi ninki biyu a ƙugu amma duk da haka yana jan ƙasa. Mato ya amsa gaisuwarta kamar yadda kowa ke amsawa, bai dube ta sau biyu ba.

Hasana ta fito, doguwa, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Ɗiyata, jiya da azahar kina ina?"

"Hawasha, Baba. Na koma ƙarasa layin da na bari."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai. Ran Juma'a kowa na tashi da wuri."

"Da wane takalmi?"

Ta miƙo ƙafa. Ya karɓi takalmin ya juya. Ƙashin kifi.

Salihu ya miƙe tsaye. "Mato, ɗiyata ce ke dafa allurar nan kullum. In tana son sata, sai ta jira ranar da za ta bar sawu?"

"Ban ce ta yi ba. Taho, ɗiyata, ki ga wani abu."

Ya kai ta zariba ya ɗaga tasar. Hasana ta duƙa ta duba. Mato ba sawun yake kallo ba, fuskarta yake kallo. Da farko mamaki ya gani. Can sai wani abu ya gilma a idonta, ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi.

"Naki ne?"

Ta kawar da kai daga tasar.

"Hasana, gobe lori na zuwa. In sunka tafi da ke, ko sun sake ki bayan kwana biyu, sunan ya zauna. Ubanki kuma hukumar noma ba ta barin hawasha hannun gidan da anka kama da satar kayanta. Ki ba ni magana ɗaya in riƙe."

"Ba ni da magana, Baba."

Ta koma cikin gida. A bakin ƙofa Mairama na tsaye, ta toshe baki da gefen zane. Mato ya lura ita ma ba ta ce ɗiyarta ba ta yi ba, kuma wannan ya dame shi fiye da shirun Hasana.

*

Da la'asar ya koma zaribar shi kaɗai, don ya san rana in ta karkata tana fito da abin da ta ɓoye da tsakar rana. Ya tarar da Daktor Mahmud zaune a kan buhun dusa, ya zuba wa raguna ido.

"Aikin shekara guda ne, ya Amm Mato," in ji Daktor, don haka yake cewa Baba da Larabci. "Abin da ke cikin kwalaben nan, kawunan shanu masu yawa aka fasa kafin a tara shi. In ya yi zafi ya lalace. Kuma dubi wannan."

Ya jawo ƙaramin ragon, wanda ba a yi wa allura. A gefen wuyansa akwai kumburi kamar ƙwan kaza.

"Wani ya soke shi, kuma bai iya ba. Shi ne ma'aunina. Da shi nake gane abin da maganin ya yi wa ɗan'uwansa."

Mato ya tsuguna a gindin turken ƙaramin. Jama'a jiya duk wurin babban rago suka taru, nan ba wanda ya taka. A ƙasa akwai gurbin gwiwoyi biyu, ƙanana, kusa da juna. Wanda ya shigo bai je wurin Ragon Daktor ba sam. Ya zo nan ne ya durƙusa, ya daɗe.

"Hasana ta iya allura?"

"Ta fi ni sauƙin hannu. Ba za ta yi wannan ɓarna ba."

"Daktor, in tambaye ka. In mutum ya sa wa kansa ruwan nan, zai yi tsawo?"

Daktor ya girgiza kai. "Abin da ya fi ba mu mamaki ke nan a binciken. Na shanu yana aiki a jikin rago, amma jikin mutum ba ya karɓar sai na mutum. Kuma ko na mutum ne, sai yaro. In ƙashi ya rufe bakinsa, khalas, shi ke nan, ba abin da zai ƙara. Abin da nake tsoro shi ne allurar da ba a dafa ba. Tana iya kashe mutum."

"Ka taɓa gaya wa mutanen hilla haka?"

"Na gaya wa Hasana. Ta taɓa tambayata."

Mato ya je ya ɗaga tasar. Hasken yamma ya kwanta a kan sawun, kowane zane ya fito da inuwarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya auna tsakanin sawun biyu da tafin hannunsa, ya mayar da tasar, ya zauna a ƙasa kamar wanda aka ɗora wa kaya. Ya gane, amma ganewar ba ta yi masa daɗi ba, domin duk inda ya juya a gida ɗaya abin zai faɗa.

*

Ran Lahadi da sassafe, kafin lori, Mato ya roƙi Shaihu Maliki ya tara mutane kaɗan a zariba: Daktor, Sa'idu, Ali, da mutanen gidan Salihu. Sauran jama'a aka tsayar da su bayan shinge, suna leƙe ta kafofin ƙaya. Huseina ba ta fito ba, Mairama ta ce zazzaɓi take yi.

Mato ya share wani fili kusa da tasar, ya yayyafa rairayi mai laushi.

"Sa'idu, taka."

Sa'idu ya taka yana gunaguni. "Ga ta nan, ƙafar da ba ta da sa'a."

Ali ma ya taka. Mato ko duba nasu bai yi ba, ya share. Ya juya ga Hasana. Ba ta motsa ba.

"Ba sai na taka ba, Baba," ta ce. "Ni na ɗauka."

Bayan shinge aka ɗauki salati, wata ta ce, "Ba mun faɗa ba!" Salihu ya juya ya dubi 'yarsa.

"To mun ji," in ji Mato. "Ina kwalaben?"

"Na jefa cikin tur'a."

"Kin soki ƙaramin rago?"

Ta dube shi, ba ta san da wannan ba. "I. Na soke shi."

"A ina?"

"A cinya."

"Taka, ɗiyata. Don Allah taka."

Ta taka, ta wuce. Mato ya ɗaga tasar, ya kira Shaihu da Daktor su matso.

"Ku duba nan. Zane ɗaya, girma ɗaya. Amma ga na Hasana: dunduniya ta nutse, don nan nauyin mutum ke fara sauka. Ga na ranar Juma'a: gaba ya nutse, tsakiya ya nutse, dunduniya ba komai, sai ɗan jan da ta yi a ƙasa. Takalmin ya taka, amma ba ƙafa a bayansa. Ku dubi taku kuma. Hasana in ta ɗaga ƙafa sai ta wuce tsawon hannuna. Wancan bai kai rabi ba. Wanda ya shigo nan ƙaramar ƙafa gare shi cikin babban takalmi."

"Yaro ne ya sato takalminta?" in ji Shaihu.

"Takalminta na ƙafarta a hawasha." Mato ya juya ga Mairama, ya sassauta murya. "Uwar biyu, da Salihu ya tafi Rufa'a, takalmi nawa kika ce shi sawo?"

Mairama ta fashe da kuka. Salihu ne ya amsa, a hankali, kamar mai magana cikin barci.

"Biyu. Iri ɗaya, girma ɗaya. Na ce mata na Huseina zai yi mata yawa, ta ce ba a bambanta su, ko a zare ɗaya. Tun suna jarirai haka muke yi. Zane, ɗankunne, kwano, komai."

"Kuma ma'aunin wa ake ɗauka?"

Kowa ya sani: na Hasana.

Hasana ta durƙusa gaban Shaihu. "Na ce ni ce. Ku tafi da ni, mi ya rage?"

"Ƙarya take yi!"

Muryar daga ƙofar da ta haɗa gida da zariba ta fito. Huseina ce, ta jingina da bango, gumi na zuba a fuskarta, tana jan ƙafar hagu. A hannunta akwai ƙullin tsumma jiƙaƙƙe. Ta tako da ƙyar ta aje shi gaban Daktor, kwalabe suka yi ƙara a ciki.

"Ga kayanka. Ƙarƙashin randa na binne su, ba su yi zafi ba. Biyu na taɓa, ɗaya ni, ɗaya shi." Ta nuna ƙaramin ragon. Sannan ta juya ga 'yar'uwarta, idonta jawur. "Ke kuma tashi. Tsawon kin ɗauka, gonar kin ɗauka, gaisuwar mutane kin ɗauka. Laifin nawa ma sai kin ɗauke? Abu ɗaya na taɓa yi da kaina a duniya, shi ma a ce Hasana ce?"

"Huseina, don in tsare ki ne."

"Na roƙe ki tun damina ki tambayar mini Daktor. Mi kika ce? Kika ce, ba naki ba ne. Kika juya kika ɗaura farin ƙyallenki."

"Ya ce ba ya aiki a jikin mutum! Na kasa gaya miki. Na ga yadda kike leƙen ragon nan ta katanga kullum, na kasa."

Huseina ta dubi Daktor. Shi kuwa ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da nata, bai yi mata magana kamar yarinya ba.

"Gaskiya ta faɗa, ya ukhti, 'yar'uwata. Ko kin shanye tulun duka, ba zai ƙara miki komai ba. Da na san akwai ki a gidan nan, da da bakina na gaya miki."

Huseina ta juya ga Shaihu. Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa.

"Ran Juma'a na sa takalmin don ƙaya, ba don a kama ta ba. Amma jiya, da Baba Mato ya juya takalminta, na gan ta ta sunkuyar da kai gaban mutane, ina bayan randa ina kallo. Na ce bari in fito, sai na ji daɗi. Na ce bari ta ɗanɗana kwana ɗaya. A rubuta wannan ma in za a rubuta."

Ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, ta zame. Hasana ce ta tare ta, ita kuma ta ture hannun, sannan ta bar shi.

Daktor ya sa wasu mata suka duba cinyar. Ta kumbura ta yi ja, tana zafi kamar garwashi. Da lorin bolis ya iso, Daktor da kansa ya tare su a bakin hanya, ya ce kayansa sun dawo, ba shi da ƙara a kan kowa, amma yana da marar lafiya da ke buƙatar asibitin Hajj Abdalla yanzu. Haka lorin ya koma da mutum kamar yadda Shaihu ya ce, sai dai a kwance take a kan katifa, kanta a cinyar Hasana.

Mutanen bayan shinge suka watse ba su sami abin da suka zo nema ba. Sa'idu ya tsaya ya daɗe yana kallon ragunan biyu, sannan ya ce da Salihu in yana son mai ba su ruwa kafin 'ya'yansa su dawo, shi yana nan. Daktor ya ce zai jira kumburin ƙaramin ya sace ya ga ko aikin zai gyaru, in bai gyaru ba sai wata haihuwar. Mato ya ɗauki tasar ya miƙa wa Mairama, ya sa ƙafa ya shafe sawun.

A nan zan dawo da bakina. Da yamma na bi su asibiti da tuwo. An tsaga cinyar an fitar da mugunya, ma'aikacin ya ce da an ƙara kwana biyu da sai dai wani labarin. Huseina na barci, ƙafafunta sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi. Na zauna ina kallonsu, na ga ban taɓa sanin girmansu ba, ni da muke kwana ɗaki ɗaya. Na zare igiyar bakin zanena na auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, na ƙulla.

Na gaya wa Inna abin da nake nufi. Ta kama hannuna ta ce in ji tsoron fushin tagwaye, ba a taɓa yi wa ɗaya abu a bar ɗaya ba. Na ce mata ai ita ta sha gaya mini fushinsu ba ya kama Gambo. Ta sake ni, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Washegari da safe na shiga kasuwar Hajj Abdalla, wurin da ban taɓa shiga ni kaɗai ba, na nemi rumfar baduku. Na miƙa masa igiyar na ce takalmi nake so na jar fata, daidai wannan ƙulli.

Ya duba ya ce, "Na yarinya ne?"

Na ce, "Na yayata ne."

Ya ce, "Guda nawa?"

Na ce ƙafa biyu, na mutum ɗaya, na zauna a kan benci ina jira ya yanka.